Yini Guda a Makarantar Kwana ta Giginyu

Da zarar ka wuce Gidan Gwamnati ka nutsa cikin Nassarawa GRA, hayaniyar Kano sai ta fara ja baya. Inuwar darbejiya, dogayen katangu, masu gadi a kan benci. A Giginyu, unguwar da aka buɗe Asibitin Ƙwararru na Muhammadu Buhari a 2017, na ziyarci wata makarantar kuɗi ta kwana, irin waɗanda ake kira na ƙasa da ƙasa.

Ɗakin kwanan yara na fara leƙawa. Gadaje masu hawa biyu, kowanne da gidan sauro a naɗe, bokitai a jere da sunan mai shi da fenti. A kabad ɗin wani yaro ga garin kwaki, ga sukari da madarar gari, ga ƙuli-ƙuli da aka ƙunso daga gida. Ba a yarda ɗalibi ya riƙe waya ba. Ƙararrawa ce ke juya su: tashin asuba, sallah cikin jam'i, karin kumallo, aji, wasan ƙwallo bayan la'asar.

Karatun kuwa taura biyu ake taunawa. Ga manhajar Najeriya domin WAEC da NECO da JAMB, ga ta Cambridge domin jarrabawar IGCSE ga masu hangen jami'o'in waje. Amma abin da ya fi burge ni shi ne karatun dare. Bayan isha'i fitila tar, fanka na juyawa, malami na zagayawa, ba ka jin komai sai buɗe shafi. A ganina wannan shi ne ainihin abin da iyaye ke biya: wutar da ba ta ɗaukewa, da lokacin da ba mai katse shi da aike. Yaro mai ƙwaƙwalwa a makarantar gwamnati da zai samu wannan kaɗai, da an sha mamaki.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Turanci ake yi daga aji har ɗakin cin abinci, wasu yaran ma karatun Hausa na ba su wuya. Alhali a nan Nassarawa ne Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, kuma da Hausa aka fara koyarwa. Gidansa na nan har yau, tafiyar 'yan mintuna a mota.

Don haka ina roƙon hukumomin irin waɗannan makarantu su riƙa fitar da yara zuwa Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Ku kuma iyaye, ranar ziyara kada ku tsaya ga duba sakamako da sauke kulolin abinci. Ku zauna ku yi hira da 'ya'yanku da Hausa.