Alherin Abdulkarim da hawayen uwar Umar

A ƙarshen shekarar 2017 ina aji shida a wata makarantar sakandare da ke Kankiya, kuma littattafai biyu ne suka fi daɗewa a jakata. Na farko shi ne Native Son na Richard Wright, marubuci baƙar fatar Amurka, wanda ya fito a 1940, muna karanta shi saboda jarrabawar WAEC. Na biyu shi ne Shaihu Umar na Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda malaminmu na Hausa ya ce duk Bahaushen da ya gama makaranta bai karanta shi ba, to akwai sauran aiki a gabansa. Na yi watanni ina ɗauke da su a jaka ɗaya ba tare da ya taɓa zuwa mini a rai cewa akwai abin da ya haɗa su ba. A ganina na lokacin, ɗaya labarin zalunci ne, ɗaya kuwa labarin haƙuri.

Native Son ya tayar mana da hankali ƙwarai. Labarin wani saurayi ne mai suna Bigger Thomas, ɗan shekara 20, da ke zaune da uwarsa da ƙannensa biyu a ɗaki guda mai cike da ɓeraye a birnin Shikago. Ya samu aikin direba a gidan wani hamshaƙin Bature, Mista Dalton, kuma a darensa na farko ya kashe ’yar mai gidan bisa kuskure, saboda tsoron kada a same shi, yana baƙi, a ɗakin Baturiya. Amma wanda muka fi tattaunawa a kansa a aji shi ne Mista Dalton. Mutum ne mai kyauta, yana ba ƙungiyoyin baƙaƙen fata kuɗi, yana saya wa yaransu kayan wasa. Sai da lauya ya tsare shi da tambayoyi aka gane cewa kamfaninsa ne ke karɓar kuɗin hayar wannan ɗaki mai ɓeraye, kuma ba ya ba baƙi haya a unguwannin Turawa, abin da ya jingina ga al’adar da ya tarar. Na tuna yadda na miƙe a aji ina kumfar baki, ina cewa kyautar da aka ciro daga aljihun wanda aka zalunta ba kyauta ba ce. Har tafi aka yi mini.

Bayan ’yan kwanaki, a darasin Hausa, Malam ya tambaye mu wa ya fi kowa kirki a cikin Shaihu Umar. Kusan baki ɗaya muka ce Abdulkarim, kuma muryata ta fi ta kowa fitowa. Ga wanda bai karanta ba, ko ya daɗe da karantawa, Shaihu Umar wani babban malami ne a garin Rauta, wanda almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya ba su labari tun daga Kagara. An sace shi yana ƙarami, ya yi ta faɗawa daga wannan hannu zuwa wancan har ya isa Kano cikin bayi, inda Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ya tafi da shi ƙasar Masar. A can ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi makaranta har ya zama malami. Wa zai ce wannan ba mutumin kirki ba ne? Malam ya saurare mu, sannan ya ce, “To, madalla. Amma ku gaya mini, a ina Abdulkarim ya samu yaron?” Aka buga ƙararrawa kafin wani ya amsa.

Ranar Juma’a, a motar da za ta kai ni gida Kusada, wannan tambaya ta hana ni sakat. Ai Abdulkarim bai tsinci Umar a bakin hanya ba. Kasuwar da ake sayar da mutane ce ta kawo masa shi. Ayarin da ke ratsa Sahara a wancan zamani daga Kano zuwa Murzuk da Tarabulus, bayi na cikin manyan hajojinsa, tare da fatu da hauren giwa da gashin jimina. Ya ji ƙan yaro ɗaya, to ina sauran da aka ɗaure tare da shi? Nan na ga fuskar Mista Dalton sanye da rawani. Abin da na yi wa tofin Allah-tsine da Turanci, shi na yaba da Hausa, a mako guda, a aji guda. Gaskiyar Hausawa da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Da na sake buɗe littafin a gida sai na ga ashe ba Abdulkarim kaɗai na yi wa gurguwar fahimta ba. Ga Makau, mijin uwar Umar, bafaden da ’yan’uwansa fadawa suka yi wa hassada, suka yi masa sharri a wurin sarki har aka kore shi daga gari. Duk mun tausaya masa, mun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. To amma mene ne sharrin da aka yi masa? An ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo a wurin hari. Ke nan mun yi baƙin ciki don an yi wa mai kamun bayi ƙarya a kan lissafi, amma mutanen da aka ƙona wa gidaje aka ɗaure da igiya, ko ɗayanmu bai tambayi daga wace uwa aka raba su ba. Mun wuce su kamar yadda ake wuce buhunan gero a kasuwa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce uwar Umar, domin mu a aji da haka muke kiranta. ’Yantacciya ce, Musulma, wadda ba ta yi laifin komai ba illa neman ɗanta. Ta faɗa hannun wani mai suna Ado, wanda ya yaudare ta da alƙawarin zai sada ta da yaron, ya ratsa hamada da ita, daga ƙarshe aka sayar da ita, ta ƙare a Tarabulus tana bauta cikin wahala. Sai bayan shekaru masu yawa Allah Ya haɗa ta da ɗanta, kuma ba ta daɗe ba ta rasu. Tun da ta ƙetare Sahara, maganarta cewa ita ɗiya ce ta rasa mai saye. Ba ta da dangi a can, ba ta da harshe, kuma launin fatarta ya riga ya yi shaida a kanta. Hanyar da ta kai Umar ga ilimi, ita ce ta kai uwarsa kabari. Bambancin kawai shi ne ɗaya ya dace da ubangida mai tausayi, ɗaya ba ta dace ba. Tsarin da rayuwar mutum ta rataya ga halin wanda ya saye shi kuwa, ko da ya haifar da Shaihu ɗari, zalunci ne.

Kada mai karatu ya zaci wannan fahimta sabuwa ce da ’yan boko suka aro daga Amurka. Tun wajen 1391 Sarkin Barno Usman ɗan Idris ya rubuta wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa yana kukan cewa wasu Larabawa na kama talakawansa, ’yantattun Musulmi, suna sayarwa a Masar da Sham. A 1615 kuma mashahurin malamin nan na Tambutu, Ahmad Baba, ya amsa tambayar mutanen Tuwat a kan bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata. Ya yi watsi da da’awar cewa baƙin launi alamar bauta ce, har ya ambaci Katsina da Kano da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Da abin bai zama ruwan dare ba, da ba a nemi fatawa ba. Ranar da na fara jin wannan, jikina ya yi sanyi, domin sunan ƙasarmu ne a ciki. Sai dai adalci ya sa in ƙara da cewa ba mu kasance waɗanda ake sayarwa kaɗai ba. Mu ma mun kai hari, mun kama, mun sayar, kamar Makau.

Ba na zargin Tafawa Ɓalewa da ɓoye wannan. An haife shi a 1912, ya gama Kwalejin Katsina a 1933, shekarar da Hukumar Fassara ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar da ta haifar da Shaihu Umar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da ’yan kai. Dokar Turawa ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma ’yanta yaran da za a haifa daga lokacin, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ke nan lokacin da littafin ya fito a 1934, akwai bayi da iyayengijinsu da rai, wasunsu ma su ne masu faɗa a ji. Bai yi wa’azi ba, bai nuna kowa da yatsa ba. Ya dai shimfiɗa wahalar uwar Umar a gaban mai karatu dalla-dalla, ya bar wa mai ido ya gani. Mu ne muka ɗauki darasin haƙuri da neman ilimi, waɗanda lalle suna cikin littafin, muka rufe sauran da su. Haƙuri ado ne ga wanda aka zalunta, amma bai taɓa wanke azzalumi ba.

A cikin watan Nuwamban wannan shekara ta 2017 ne gidan talabijin na CNN ya nuna hoton bidiyon da ake gwanjon baƙaƙen fata ’yan ci-rani a Libiya, ana sayar da mutum a kan kimanin Dala 400. Mun kalla a waya, mun taru a kan allo ɗaya a bakin shago. Hanyar da samarin nan suka bi ta Agadas zuwa kudancin Libiya, kusan ita ce hanyar uwar Umar, raƙumi ne kawai ya koma mota. A maƙwabciyarmu Nijar ma sai a 2003 aka mayar da bauta laifin da doka ke hukuntawa, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin ƙasar, bayan an sayar da ita tana ’yar shekara 12. Ashe abin da muke karantawa a matsayin labarin dā bai gama mutuwa ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya fi Libiya kusa da ni. A cikin gidanmu ya faru. Wani saurayi ya nemi auren yayata, ɗiyar baffana. Malamin makaranta ne, mai natsuwa, kuma suna son juna. Aka tura bincike kamar yadda aka saba. Ba a same shi da shaye-shaye ba, ba a same shi da wasa da Sallah ba. Abin da aka dawo da shi ɗaya ne: an ce kakan kakansa bawan gidan sarauta ne. Magana ta mutu a nan. Na samu kakarmu a tsakar gida da dare, na ce, “Iya, wai laifin me yaron nan ya yi?” Ta ce, “Ɗan nan, ba shi da laifi. Ai mu ba mu ƙi su ba, muna ci da su, muna sha da su, in sun yi biki mu ke gaba. Amma aure, asali ake dubawa. Haka muka tarar.” Wannan amsa na riga na ji ta a bakin Mista Dalton. Iya mace ce mai alheri, duk unguwa ta shaida, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin masu alheri ne ke riƙe da irin wannan igiya ba tare da sun ji nauyinta ba.

Ni kuwa da aka yi wa tafi a aji, me na yi? Na yi shiru. Na ce ni yaro ne, ba na tsoma baki a maganar manya. Yayata ta yi kukanta a ɗaki, daga baya aka aurar da ita ga wani. Har yau idan na ga wancan malami a kasuwar Kankiya, mukan gaisa da fara’a, amma ba na iya haɗa ido da shi sosai.

Ina kira ga malamanmu na Hausa da su riƙa yi wa ɗalibai irin tambayar da Malam ya yi mana, ko da ƙararrawa za ta katse amsar. Ina kuma kira ga iyayenmu, musamman malaman addini, su tuna mana cewa a huɗubar ban-kwana an riga an yanke hukunci: Balarabe bai fi wanda ba Balarabe ba, fari bai fi baƙi ba, sai da tsoron Allah. Idan muna jin zafin abin da ake yi wa baƙi a Amurka da Libiya, to mu duba yadda muke furta kalmar “bawa” idan faɗa ya haɗa mu, da yadda muke yi wa yaro baƙi ba’a a makaranta, da dalilin da ya sa ƙannenmu mata ke shafa man da ke ɗaye musu fata. Gwano ba ya jin warin jikinsa, sai an gaya masa.

Ina da ƙanwa da ta kusa isa aure. Na yi wa kaina alƙawarin cewa ranar da aka dawo daga bincike, zan zauna a zauren, kuma idan aka kawo maganar kakan kaka, zan yi magana cikin ladabi, amma zan yi. Allah Ya jiƙan Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ba mu ikon ganin namu tudun kafin mu hango na wasu.