Swaledale: Kwarin da ɗakunan shanu ke komawa masaukin baƙi

A arewacin Ingila akwai wani kwari mai suna Swaledale, wanda kogin Swale ya ratsa ta tsakiyarsa. Matafiyin da ya taso daga garin Richmond ya nufi yamma, ya wuce Reeth da Gunnerside har ya isa Muker, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne ƙananan gine-ginen dutse a tsaitsaye cikin gonaki, kusan kowace gona da nata. Ba su da taga sai 'yan kafofin shan iska, ba su da bututun hayaƙi, kuma babu mutumin da ke kwana a ciki. Ɗakunan shanu ne na da. A wannan kwari da maƙwabcinsa Arkengarthdale kaɗai sun haura 1,000.

Yawancinsu an gina su ne a ƙarni na 18 da na 19, kuma akwai hikima a yadda aka warwatsa su. Hunturun yankin yana da tsawo da tsanani. Daga watan Nuwamba zuwa Mayu ba ciyawar kiwo, sai sanyi da ruwa da dusar ƙanƙara. Saboda haka manomi kan yanke ciyawarsa wajen watan Yuli, ya shanya ta, ya jibge ta a ɓangare ɗaya na ɗakin. Idan sanyi ya shigo sai ya ɗaure 'yan shanunsa a ɗaya ɓangaren. Safe da yamma yana takowa daga gida ya ba su abinci da ruwa. Takin da suka tara kuwa, a gonar da ɗakin yake ake watsa shi. Kun ga ke nan ba a ɗaukar ciyawa ko taki zuwa nesa, a zamanin da ƙarfin mutum da na doki kawai ake da shi.

Zuwan tarakta ya sauya komai. Yanzu manomi yana naɗe ciyawa da inji, ya kai ta babbar rumfar zamani a kusa da gidansa, inda shanu da yawa za su zauna wuri ɗaya. Tsoffin ɗakunan sai suka rasa aiki. Ginin da ba a amfani da shi kuwa, rufinsa ne ke fara mutuwa. Da zarar falalen dutse guda ya zame, ruwa zai sami hanya, katakon da ke ɗauke da rufin ya ruɓe, bayan wasu shekaru bango ya biyo baya. Gyara yana cin kuɗi, manomi kuma ba zai zuba kuɗinsa a ginin da ba ya kawo masa ko sisi ba.

A nan ne dabarar mayar da su gidajen hutu ta shigo. Mutanen birane irin su Leeds da Manchester suna son zuwa ƙauye su yi mako guda suna yawo a tsaunuka, kuma a shirye suke su biya kuɗin haya. Sai dai ba a wayi gari a ɗauki guduma kawai ba. Swaledale yana cikin Yorkshire Dales, yankin da gwamnati ta keɓe tun 1954 domin kare kyansa. A 2014 an sassauta dokar mayar da ɗakunan gona gidaje a Ingila, amma sassaucin bai shafi irin waɗannan keɓaɓɓun yankuna ba. Dole a nemi izinin hukumar yankin, ita kuma ta fi amincewa da ɗakin da ke cikin ƙauye ko bakin hanya. Wanda ke tsakiyar gona zai buƙaci sabuwar hanyar mota da wayar lantarki da wurin ajiye mota, waɗanda za su ɓata fuskar kwarin.

Kafin magini ya taɓa dutse ɗaya, sai an binciki ko jemagu ko mujiya sun yi gida a ciki, domin dokar ƙasar tana kare su. Idan an same su, ana iya jinkirta aikin, ko a tanadar musu kafar shiga a sabon rufin. Mujiyar da wasu ke tsangwama, a can tana da haƙƙin da zai iya tsayar da gini.

Aikin kansa daga sama ake fara shi. Ana sauke falalen duwatsun rufin ɗaya bayan ɗaya, a canza katakon da ya ruɓe, a mayar da su yadda suke, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Bangon kuma biyu ne a haɗe, na ciki da na waje, an cika tsakaninsu da tsakuwa, sannan wasu dogayen duwatsu suka ratsa suka ɗaure su. Ƙwararren magini ba ya liƙe irin wannan bango da siminti. Yana amfani da kwaɓin farar ƙasa da yashi, wanda ke barin danshi ya fita. Siminti yana tsare ruwa a ciki har dutse ya lalace. Duk wanda ya taɓa ganin shafen siminti yana ɓallewa daga jikin katangar ƙasa bayan damina ya san wannan matsala. Daga nan sai a tone daɓen da shanu suka kwanta a kai, a sa abin hana sanyi, a jawo ruwa da wuta, a haƙa wurin tara ruwan bayan gida. Ƙofar shanu da kafar jefa ciyawa su ake mayarwa tagogi, don kada a huda sababbi barkatai. Idan aikin ya yi kyau, mai wucewa zai ga ɗakin shanu ne, sai ya shiga ya tarar da gado da murhu.

To, wa ya ci riba? Ginin ya tsira, manomi ya sami kuɗin shiga, magina sun sami aiki. Amma akwai kuka. Yawan gidajen hutu yana taimakawa wajen tsadar gidaje, har matashin da aka haifa a kwarin ya kasa samun wurin zama ya koma birni. Gidan hutu yakan zauna a rufe da hunturu, kuma baƙo ba ya sa ɗansa a makarantar ƙauye. Shi ya sa wasu mazauna ke cewa gara a ba 'yan gari ɗakunan su zauna. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin gonaki da katangun dutsen da baƙi ke zuwa kallo, manoma ne ke kula da su. Idan suka tashi, abin kallon ma zai tafi.

'Yan uwana ɗalibai, Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Idan kun wuce wani tsohon gini da aka bari, ku tambayi manya wane aiki ya yi a da, da abin da ya sa aka daina. Sannan ku yi tunanin wane sabon aiki za a ba shi, da kuma wanda zai amfana.