Muryar da ke cikin ma'auni

Shekara talatin malamin ya yi yana riƙe da alli a wata makaranta ta Damagaram, kafin hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Da sauƙi ya fara samuwa, sai aka riƙa kai shi wurin gashi. A can ya haɗu da Jamar, wani ƙarfe mai mariƙi da allura kamar ta agogo, wanda ke auna ƙarfin damƙar hannu da kilo.

Ƙa'idar awon tsohuwa ce. Tun 1981 ƙungiyar masu jinyar hannu ta Amurka ta tsara ta: majinyaci a zaune, dantse manne da jiki, gwiwar hannu a lanƙwashe digiri 90, a matsa sau uku, a ɗauki matsakaici.

Ranar farko ma'aikaciyar ta tsaya a kansa tana cewa: "Baba, matsa! Ƙara, ƙara!" Bayan kowace damƙa kuma ta nuna masa inda allura ta tsaya. Bayan wata guda wani ma'aikaci ya auna shi, bai ce uffan ba, bai nuna masa komai ba. Lissafi ya sauka. Malamin ya koma gida ya ƙi tuwo, yana zaton hannun mutuwa yake yi.

Ita ce daga baya ta warware masa. Bincike ya nuna cewa zuga da baki, da ganin sakamako da ido, suna sa mutum ya fitar da ƙarfin da yake ɓoye, domin ƙwaƙwalwa ce ke tayar da tsoka. Saboda haka dole kalmomin mai awo su zama ɗaya a kowane zuwa. In ba haka ba, muryarsa aka auna. Abin ba ƙarami ba ne: a 2019 masanan Turai sun sa kilo 27 ga maza da 16 ga mata a matsayin iyakar raunin damƙa ga tsofaffi, kuma ɗan bambanci na iya tsallakar da mutum.

Malamin ya yi shiru. Ya san gangar noma kan ƙara wa masu gayya kuyya. Amma ɗalibansa ya tuna: waɗanda ya yi wa tambaya da fara'a, da waɗanda ya yi wa da ɗaurarriyar fuska, ya kuma rubuta makinsu duka a littafi ɗaya. Da aka sake miƙa masa ƙarfen, sai ya ce: "Ɗiyata, faɗa mini irin na ranar farko, kada ki rage, kada ki ƙara."