Zaɓen Da Na Ci Da Alewa

Ran 4 ga Fabrairu, 2023, Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, watau INEC, ta yi gwajin tantance masu ƙuri'a da na'urar BVAS a rumfuna 436 a faɗin Nijeriya, mako uku kafin zaɓen Shugaban Ƙasa. Ba wanda aka zaɓa a ranar, kwaikwayon zaɓe ne kurum domin a ga inda gyara yake. Duk sa'ad da na tuna wannan gwaji, sai wani zaɓen wasa ya faɗo mini a rai, wanda har yau nake jin kunyarsa.

Cikin 2003 ne, muna yara a unguwar Hausari ta Maiduguri. Gari ya ɗauki zafi saboda takarar gwamna tsakanin Mala Kachalla da Ali Modu Sheriff. Mu ma sai muka ce lalle mu zaɓi gwamnan layinmu. Gwangwanin madara biyu suka zama akwatunan zaɓe, marfin kwalbar lemo ya zama ƙuri'a. Ni da wani aminina muka tsaya takara. Shi ya yi alkawarin zai riƙa raba lokacin buga ƙwallo daidai tsakanin manya da ƙanana. Ni kuwa na sayi alewa da kuɗin tarata na rarraba, kana na ɓoye marafe bakwai cikin aljihu na zuba a gwangwanina. Da aka ƙirga, ƙuri'u suka fi yawan yaran da suka jefa, amma magoya bayana suka rinjayi kowa da ihu.

Da dare na shiga gida ina taƙama. Mahaifina ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Kai yaro, a wurin wa ka koyi wannan?" Na ce, "Baba, ai haka manya suke yi." Ya yi shiru, ya daɗe. Daga baya ya ba ni labarin zaɓen 1979, lokacin da jam'iyyu biyar suka kara, GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim ta ci Jihar Barno, Muhammadu Goni ya zama gwamna. Ya ce taken da ya ja shi zuwa rumfar zaɓe a shekarar shi ne siyasa ba da gaba ba, ga shi yau ɗansa ya fara da maguɗi tun bai kai shekara goma sha takwas ba.

Kwaikwayon mulki ba baƙon abu ba ne gare mu. A wasan kalankuwa, bayan an kau da amfanin gona, samarin ƙauye kan naɗa wa junansu Gwamna da Alkali da 'yan doka, su yi shari'a, su ci tara. Abin da suka gani wurin mahukunta shi suke maimaitawa, ba ƙari ba ragi. To, ashe wasan yara madubi ne. In ka ga fuska ta karkace a cikinsa, kada ka zargi madubin.

Washegari Baba ya sa na tara yaran na faɗi gaskiya. Aka ce a sake zaɓe, amma aminin nan nawa ya ce ya fasa. Yau magidanci ne, muna zumunci, kuma ya shaida mini bai taɓa karɓar katin zaɓe ba, wai an riga an san mai ci. Ban ce marafena bakwai ne kaɗai sanadi ba, amma na san suna cikin lissafi.

Saboda haka ina roƙon malaman makarantunmu su riƙa shirya wa ɗalibai zaɓen shugabanninsu, a ƙirga ƙuri'a a gaban kowa, wanda ya faɗi ya miƙa wa ɗan'uwansa hannu. Na'ura tana iya tantance yatsa da fuska, amma hali tun icce yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu gyara, amin.