Wanda Ya Sayi Rariya

Daga Kokomlemle, inda nake aikin rediyo, zuwa gidanmu a Nima tafiyar 'yan mintuna ce, ƙaramin Boxer ma ya ishe ni. Amma dangin mahaifiyata suna Tamale, kilomita wajen 600 daga Accra, kuma wannan hanyar ce ta sa na riƙe babban babur na doguwar tafiya. Nawa Honda Transalp ne, samfurin da aka fara fitarwa a 1987. Shi ya sa matasan Nima da Maamobi kan tare ni su ce, "Yaya, an sauke wani babba daga Tema, kuma da araha." Amsata ɗaya ce: wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ba ina kushe tsohon babur ba ne. Injin Transalp da na Africa Twin 750, wanda aka ƙera daga 1990 zuwa 2003, sun yi suna wajen juriya. Sai dai ƙarfe ne ke jure shekaru, roba ba ta jurewa. Babur ɗin da ya daɗe a ajiye a Jamus ko Holan zai iso yana ƙyalli, amma tiyon mai da na birki sun bushe, tsohon fetur kuma ya daskare a kafireto. Ƙarancin kilomita a mita ba shaidar lafiya ba ce, don zama ma cuta ne ga inji.

Idan za ka je dubawa, ka ce wa mai shi kada ya tayar kafin ka iso. Taɓa injin ka ji da sanyi, sannan a kunna a gabanka. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce yana shan baƙin mai. Idan man ya yi fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga ciki, ka yi sallama ka kama gabanka. Duba gefen taya, akwai lambobi huɗu: 2316 na nufin mako na 23 a shekarar 2016. Ni dai tayar da ta haura shekara shida ba na ɗora raina a kanta, ko da zanenta bai goge ba.

Kowane samfuri da ciwonsa. Masu Africa Twin sun san famfon fetur da na'urar da ke daidaita cajin batir kan gaza. Da yawa daga manyan BMW kuwa ba sa amfani da sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya, ga sauƙin kulawa, amma ranar da ta lalace ba kowane makanike zai iya taɓa ta ba. Sarƙa ko a Kintampo ta tsinke za ka samu mai ɗaura maka.

A nan gizo ke saƙa. Kayan gyaran Boxer da Haojue suna ko'ina daga Techiman har Bawku. Na babban babur kuwa sai ka zaga Abossey Okai ka rasa, ka koma jiran saƙo daga Turai makonni. Don haka ka samu makanike kafin ka samu babur, ka kuma tafi da shi wajen ciniki. Ku haɗa lambar jikin babur da ta takardun kwastan da na DVLA, harafi da harafi. Takarda mai tangarɗa ta fi inji mai tangarɗa tsadar gyara.

Shawarar da nake bai wa ƙannena ita ce kada su ƙarar da kuɗinsu a wajen saye. A ware wani kaso mai kauri na sababbin tayoyi, birki, batir, sarƙa da hular kwano ta ƙwarai. Idan kuɗin bai kai wannan ba, to bai kai babur ɗin ba.

Tsakanin Kintampo da Buipe akwai daji mai tsawo, kuma idan dare ya same ka a can, ƙarar inji da kyan fenti ba su da amfani. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Akwai uwa da ta shimfiɗa tabarma tana jiran sallamarka, ka sayi abin da zai kai ka ƙofarta. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.