Makarantar da ke cikin wankin babur

A gidaje da yawa akwai aikin da ba a rubuta a ko'ina ba, amma kowa ya san mai shi, wato wankin babur ɗin maigida. Da zarar yaro ya shiga sakandare sai a miƙa masa bokiti da tsumma, a ce daga yau kowace Asabar aikinka ke nan. Yawanci da ɓacin rai ake yin sa, a watsa ruwa, a goge tanki, a ruga filin ƙwallo. Mu uku ne muka gaji wannan aiki a gidanmu, maza biyu da ƙanwarmu, kuma yau da biyu daga cikinmu ke jami'a muna iya cewa awa guda ɗin nan ta safiyar Asabar ta koya mana abin da muke so ƙannenmu su ji tun da wuri.

Babur ɗin Baba Suzuki GN125 ne, irin mai gajeren kujera da faɗin kai, wanda mahayinsa ke zama a miƙe kamar yana kan kujerar tsakar gida. An ƙera shi ne a kan fasalin manyan baburan Amurka irin su Harley-Davidson, sai dai shi ƙarami ne: fistin ɗaya, giya biyar, kuma iska ce ke sanyaya injinsa. Da shi Baba ke zuwa makarantar ƙauyen da yake koyarwa. Shi ke ɗauko buhun masara daga kasuwa, kuma shi ya kai Mama asibiti da tsakar dare lokacin haihuwar autanmu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mun ga maƙwabta masu mota sun jingine ta sun koma babur. Ke nan ranar da babur ya ƙi tashi, gida ne gaba ɗaya ya tsaya.

Abu na farko da Baba ya sa mu haddace shi ne cewa babur ba ya mutuwa bai yi magana ba. Yakan yi ƙara, ya yi hayaƙi, ya ɗigar da mai, sai dai a rasa mai sauraro. Kuma babu wanda ya fi mai wanki damar ji, domin shi ne ke durƙusawa ya kai ido inda mai hawa ba ya kaiwa. Shi zai fara ganin notin da ya kwance, da wayar birkin da ta fara tsintsinkewa, da ƙusar da ta shige taya ba ta gama sace iska ba.

Shi kansa wankin yana da ƙa'ida. Ba a zuba ruwa a kan inji mai zafi, sai ya huce. Ba a watsa ruwa kai tsaye a kan kafireto da fulogi, kuma ba a bari ya shiga salansa. Waɗannan ƙarafan da ke jere kamar haƙarƙari a jikin inji ba ado ba ne, su ke ba iska fili ta kwashe zafi. Idan laka ta toshe su da damina, kamar an lulluɓe mai gudu da bargo ne. Tsohon buroshin haƙori ya isa ya fitar da ita.

Daga nan sai baƙin mai. A cikin inji ƙarfe ne ke gogar ƙarfe sau dubbai a minti guda, kuma ɗan man nan da bai cika lita ɗaya ba shi ne tsakaninsu. Mukan ɗora babur a kan jakin tsakiya a wuri mai daidai, mu duba ko man yana tsakanin alamomi biyu, sannan mu murza ɗigo ɗaya a yatsa. Idan ya tsinke kamar ruwa ko an ji tsakuwa-tsakuwa a ciki, lokacin juye ya yi. Ƙanwarmu ce ke riƙe da littafi mai shafi arba'in inda take rubuta ranar kowane juye da lambar kilomitar da ke kan agogo, don haka ba a taɓa yin gardama kan yaushe aka yi na ƙarshe ba. Mun ga amfanin hakan a kan wani maƙwabcinmu da ya riƙa cewa sai an yi albashi. Wata rana injinsa ya buga a tsakiyar hanya, kuɗin gyara ya cinye abin da ya tara na jarrabawar 'yarsa, sai da ya ci bashi. Abin da kwalbar mai ɗaya za ta hana ke nan. Masu iya magana suka ce rigakafi ya fi magani.

Sarƙa ita ce ta fi ba mu tsoro. Idan ta yi sako-sako tana iya zamewa daga haƙoranta ta kulle tayar baya ana cikin gudu, kuma wanda abin ya sama da goyo a baya ba lallai ya ba da labari ba. Idan kuma an ɗaure ta tamau, sai ta ci haƙoran ta kuma wahalar da inji. Mukan tura ta sama da ƙasa a tsakiya da yatsa. A yawancin ƙananan babura wasan da ake so bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, amma ainihin ma'aunin yana cikin littafin da ke zuwa da babur. Ana goge ta da kananzir, a shanya, a sa mata mai kaɗan, domin mai da yawa ƙura yake tarawa. Doka ɗaya ce a nan ba ta da sassauci: ba a taɓa sarƙa inji na kunne. Da hannu ake juya taya. Akwai masu yatsa huɗu a gari da za su iya faɗa maka dalili.

Lokacin hunturu aikin ya fi yawa. Inji shaƙar iska yake kamar mutum, kuma sosan da ke tace iskar kafin ta kai kafireto yakan cika da ƙura cikin 'yan makonni. Idan ya toshe, iska ta ragu, fetur ya yi yawa, sai babur ya riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi. Wanke shi da kananzir, a matse shi ba tare da murɗawa ba, a bar shi ya bushe, a shafa masa ɗan baƙin mai, ya rage wa Baba kuɗin fetur fiye da duk wata dabara. Fulogi kuwa tamkar harshen majiyyaci ne a gaban likita. Idan bakinsa ruwan ƙasa ne kamar soyayyar gyaɗa, lafiya lau. Baƙi mai toka-toka na nufin fetur ya yi yawa. Idan ya jiƙe da baƙin mai, ga kuma shuɗin hayaƙi daga salansa, to mai na shiga inda ba wurinsa ba, wataƙila ringi ya cinye.

A nan ne darasin aji ya fara yi mana ma'ana. Malamin Fiziks ya zana mana inji mai bugu huɗu a allo: ya shaƙi iska da fetur, ya matse su, wutar fulogi ta kunna su su tura fistin, sannan ya fitar da hayaƙi. Ya ce wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya daidaita wannan tsari a 1876. 'Yan ajinmu suka haddace don jarrabawa. Mu kuwa mun riga mun ɗora tafin hannu a kusa da bakin salansa mun ji bugun. Darasin gogayya shi ne birki da taya. Darasin matsin iska shi ne dalilin da ake auna taya tana sanyi, kafin a hau, ba bayan tafiya ba. Har Kemistiri ya shigo, domin daga can muka gane abin da ya sa ake ƙara wa batir tataccen ruwa kawai, da abin da ya sa ba a barin inji a kunne a cikin zaure a rufe: hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari da ke kisa cikin ruwan sanyi.

Akwai kuma iyaka. Ba ma buɗe cikin inji, ba ma taɓa saitin kafireto, wannan na bakanike ne. Sai dai idan Baba ya aike mu gareji, ba ma ajiye babur mu tafi. Mukan tsaya mu miƙa sifana, mu yi tambaya cikin ladabi. Wata rana muka ce wa mai garejin, “Oga, idan aka take totur ƙarar na ƙaruwa amma gudu ba ya ƙaruwa.” Ya ɗago ya dube mu ya ce, “To ai kun gama min rabin aiki, kuloci ne ke zamewa.” Wanda ya iya bayanin ciwon babur ɗinsa ba a cika sayar masa da abin da ba ya buƙata ba. Baba ya kuma koya mana mu riƙa karɓo tsohon kayan da aka cire, mu kawo gida a gani.

Mun san abin da ke ran da yawa daga cikinku, domin mu ma ya taɓa zama a namu: yaushe za a ba ni makulli? A Najeriya sai an cika shekara 18 ake samun lasisin tuƙi, kuma Baba bai rage mana ko kwana ɗaya ba. Amma ranar da ya miƙa wa babbanmu makulli da hular kwano, ya ba wanda ya riga ya san nisan da birki ke buƙata kafin ya kama, ya san yadda taya mai sulɓi ke yi a kan yashi. Irin wannan ba ya ɗaga tayar gaba a rakiyar amarya don a yi masa tafi, saboda ya san kuɗin sarƙa, ya kuma san gidan da zai kwana da yunwa idan abin ya lalace.

Saboda haka idan aka miƙa maka bokiti a wannan Asabar, ko aka miƙa miki, a nemi littafin babur ɗin a karanta ko da shafi biyu ne. A duba mai, a taɓa sarƙa, a matsa birkin gaba da na baya, a kunna fitila da sigina, a zagaya tayoyi da ido. Abin da aka gani a faɗa wa mai babur kafin ya fita. Man da aka juye a tara a galan, kada a zubar a kwata. Allah Ya tsare iyayenmu a kan hanya, Ya dawo mana da su lafiya.