Mu Hau Tudu Mu Hangi Garinmu

 

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, sai ku yi mini afuwa. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da yawa daga cikinmu an haife mu a gari, mun girma a cikinsa, har a kai mu ɗakin miji ba mu taɓa hango garin nan daga sama ba. Daga gida sai makaranta, sai Islamiyya, sai gidan biki. In an yi hutu kuwa shi ke nan, sai kwanciya da danna waya da kallon fim ɗin Indiya, dutsen da jaruma take gudu a kansa ya yi ta burge mu, alhali ga namu nan a bayan gari ko kallo bai ishe mu ba.

Kanawa suna da Dala da Gwauron Dutse, Zazzagawa suna da Kufena, 'yan'uwanmu na Zuru kuwa duwatsu ne suka kewaye su. Mu na Birnin Kebbi sai a riƙa yi mana tsiya wai ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai. To ba haka abin yake ba. Garinmu a kan tudu yake zaune, a gefen babbar fadamar da gulbin Rima ya ratsa, wanda manya suke kira Gulbin Kabi. A bakin fadamar nan, musamman ta wajen Dukku inda hanyar Maƙera ta gangara, akwai tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai kamar an ɗora musu tire. Samansu marmara ce ja mai tauri, ƙasansu kuwa yashi ne da yumɓu. Ruwan sama na shekaru aru-aru ya zaizaye ƙasa mai laushi ta gefe, inda marmarar ta rufe ya tsira, shi ya sa za ki gan su tsaye ɗai-ɗai kusan kansu ɗaya. Ba su da tsawon da zai tsorata kowa. Ba a buƙatar igiya ko wani horo, ƙafa ce kawai da numfashi.

Babban tudun da za ki fara hawa ba a Dukku yake ba, a cikin gidanku yake, wato neman izini. Ranar da na kai wa Babanmu maganar sai da ya sauke rediyonsa daga kunne ya dube ni.

"Hawan dutse kuma? Ku awaki ne?"

Na durƙusa na ce, "Baba, ba nisa za mu yi ba, nan bakin gari ne, kuma da Yaya za mu, da matarsa, Gwaggo ma ta ce za ta."

Jin sunan Gwaggo shi ya kashe bakin maganar, don kuwa yayarsa ce, ba ya ƙetare ta. Ya ce to mu je mu dawo kafin rana ta yi zafi. Ki lura da kyau 'yar'uwa, ba cewa na yi a bar ni in fita da ƙawaye ba. Iyayenmu suna da hujjar jin tsoro, kowa ya san halin da tsaro yake ciki a wasu sassan jihar nan da maƙwabtanta, kuma duk uban da ya hana 'yarsa shiga daji ba ƙinta yake yi ba. Saboda haka wannan yawo na iyali ne, da babba namiji a ciki, a wurin da ake hango gari kuma ake jin motsin mutane. Wadda ta saci jiki ta tafi daga ita sai saurayi, to ba da yawuna ba, kada ta ce ni na aike ta.

Mu bakwai muka fita ranar wata Asabar, gari bai gama wayewa ba, a cikin Keke Napep biyu. Autarmu shekararta shida, Gwaggo kuwa ta haura hamsin, ga jiki masha Allah. Muka sauka a bakin hanya muka kama wata 'yar turba da awaki da masu itace suka fitar. Nan ne dabarar farko: kada ki ƙirƙiri hanyarki, ki bi wadda ƙafa ta riga ta taka, domin ita ce ta san inda ya fi sauƙi. Hagu da dama geza ce da sabara da ƙalgo, jefi-jefi ga aduwa da magarya. Ƙarangiya kuwa ba a magana, kafin mu yi nisa bakin zanen matar Yaya ya cika taf, ta tsaya tana cira tana mita.

Ba mu yi rabin awa ba muka kai sama, har da hutawar da Gwaggo ta yi sau uku a hanya. Kowane hutu sai ta ce ita fa ba gajiya ta yi ba, kallon wuri take yi. Auta ce ta fara isa, ta tsaya tana yi mana gwalo.

Kai jama'a! Ni da nake rubuta littattafai ina siffanta lambuna da ƙoramun da ban taɓa gani ba, ran nan sai bakina ya mutu. Fadama ce shimfiɗe iya ganin ido, an yanka ta gona-gona kamar zanen atamfa, wani wuri kore shar, wani wuri ruwan ɗorawa inda aka gama yankan shinkafa. Gulbi ya yi ta lanƙwasa a tsakiya yana walƙiya, ga kwale-kwalen masunta ƙanana kamar ɓawon gyaɗa. Balbelu fari fat suna bin garken shanu, can kuma ana jiyo ƙarar injinan ban-ruwa na masu noman rani tana tashi sama-sama. Da muka juya baya sai ga gari kwance cikin itatuwan dogon yaro, hasumiyoyin masallatai sun ɗago kai, hayaƙin abin kari yana tashi daga gidaje. Ƙannena suka shiga gardamar ina ne Nassarawa, ina ne Badariya, ina ne Gesse, kowa yana rantsuwa ya hango rufin gidanmu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk abin da muke ci muke sha ga shi nan a gabanmu. Shinkafar da muke tuƙa tuwo da ita daga wannan fadama take. Kifin miya daga wannan gulbi. Ruwan famfo ma nan Dukku ake jawo shi a tace kafin a turo mana cikin gari. Yaya ya nuna mana da hannu iya inda ruwa ya kai a ambaliyar 2020, shekarar da gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa suka nutse a jihar Kebbi, manoma suka yi asarar da har yau in an tuna sai an girgiza kai. Da can labari kawai nake ji a rediyo. Sai da na ga faɗin wurin da idona na gane abin da ake nufi in an ce ruwa ya ci fadama, na kuma gane dalilin da ya sa kwanon shinkafa yake tashin gwauron zabo a irin wannan shekara.

Gwaggo da ta samu numfashinta ya dawo sai ta buɗe bakin tarihi. Ta ce ba banza ba magabata suka kafa birni a nan: tudu ya ba su wurin hango abokan gaba tun daga nesa, fadama kuma ta ba su abinci. Gaskiyarta. Birnin Kebbi shi ne babban birnin Kabawa har zuwa 1805, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin. Daga baya sarautar Kabi ta koma Argungu, fadar Sarkin Gwandu kuma ta dawo Birnin Kebbi a zamanin Turawa. A 1991 aka cire jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato, garin ya zama hedikwata. Ƙanwata mai aji uku a sakandare ta ce duk an koya musu wannan, amma sai yau ya zauna mata.

Muna zaune muna cin dabino da ƙuli-ƙuli sai ga wata dattijuwa da ɗaurin itace a ka. Ta tsaya ta ƙare mana kallo.

"Ku ɗiyan ga, mi kunka zo biɗa bisa tudu da sassafe?"

Muka gaishe ta, na ce, "Inna, kallo kawai muka zo."

Ta yi dariya har itacen yana rawa, ta ce ita kullum sai ta hau ta sauka, ba wanda ya taɓa ce mata abin kallo ne. Gwaggo ta cika mata hannu da dabino, ta yi godiya ta gangara abinta, ba takalmin kirki a ƙafarta amma ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Saukowa ta fi hawa wuya, wannan ki riƙe shi. Tsakuwar marmara mulmulalliya ce, tana gangarawa ƙarƙashin ƙafa. A karkace ake sauka, taki ɗaya-ɗaya, babba a gaba yara a tsakiya, kuma ba a gudu ko da wasa. A nan na ga abin da ya burge ni. Yayana da a gida ko kofin shayinsa ba ya ɗaukewa, sai ga shi ya rataya jakar matarsa, ya riƙe hannun Gwaggo, yana takawa daidai da takunta har ƙasa. Matar tasa ta raɗa mini cewa rabon da ta ga wannan fuskar tasa tun suna amarci. Masu shirin aure, ga wata jarrabawa kyauta: in an fita irin wannan yawo da dangi, ki saci kallon wanda ke jiran na baya da wanda ya yi gaba abinsa.

Game da shiri, ba wani kashe kuɗi ba ne. Takalmi kambas mai igiya shi ne gaba da komai, na makaranta ma ya isa. Mai tsini da silifas a bar su a gida. Ki sa dogon wando a ƙarƙashin zane ko doguwar riga, hijabin kuma kada ya zama mai jan ƙasa, don ƙaya za ta kama shi. Kowa ya riƙe gorar ruwansa, in fiya wata kuka ɗauka ku dawo da ledojinku, awaki suna haɗiye su su mutu. Kada yaro ya tura hannu ƙarƙashin dutse ko cikin rami, nan ne makwancin kunama da kububuwa. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wuri tamau. A hana shi yawan motsi a garzaya da shi asibiti. Sannan akwai barikin soja a Dukku, kada a doshi wajensa, kada kuma a ɗaga waya ana ɗaukar hoto ta wannan fuska.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Disamba, ciyawa ta fara bushewa, sanyi ya shigo, ƙurar hunturu ba ta riga ta rufe sararin sama ba. In hazo ya yi kauri za ki hau ne kawai ki ga fari. Watannin Maris da Afrilu da Mayu kuwa, da zafi yake wuce digiri 40, ko da kuɗi aka haɗa ki kada ki kai yara. A fita da sassafe, ƙarfe goma ta yi muku a gida.

Wanda a gidansu akwai mai ciwon gwiwa ko mai juna biyu, to ga Argungu nan, tafiyar kamar kilomita 50, ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Za ku wuce Zauro, da Ambursa inda filin jirgin sama yake, da Alwasa inda aka gwabza yaƙi a 1805, kuna tafe kuna hango irin tuddan nan masu shimfiɗaɗɗen kai. Can yawon na ƙasa ne, ba hawa. Ku fara da gidan tarihi na Kanta, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Kanta da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce har zuwa 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Akwai masu da takubba da tambura da kayan su, kuma a nan kaburburan sarakuna suke, don haka a shiga da ladabi, a kama bakin yara.

Daga nan sai Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da ya kai sunan Argungu duniya. An faro shi a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara don tabbatar da zumunci bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattalinsu. Ranar biki dubban masunta ne suke rugawa cikin ruwa da homa da gora, ƙura da turmutsutsu ba masaka tsinke, ba wurin ƙaramin yaro ba ne. Ni na fi son wurin a ranar da ba kowa, ku taka a hankali a bakin ruwa, iska tana kaɗawa. Sai dai a riƙe hannun yara gam, kada a bar kowa ya shiga ruwan. In za ku juyo ku tsaya ku sayi soyayyen kifi da yaji, ku ƙulle na Baba daban, domin da shi za a nemi izinin fita ta gaba.